A Kawo Maganin Farfaɗiya Ƙauye

Da wuya a sami babban ƙauye a ƙasar nan wanda ba mai farfaɗiya a cikinsa. Ba a cika ganinsa a kasuwa ko a wurin gayya ba, gama danginsa suna ɓoye shi. In an gan shi, sau da yawa da tabon wuta a ke gane shi, a hannu ko a ƙafa, inda ya faɗa cikin murhu aka rasa mai janye shi. An ware masa kwanonsa da moɗarsa. In yaro ne an fitar da shi daga makaranta. In budurwa ce masu neman aure sun janye, har ƙannenta ma abin ya shafe su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 50 ke da wannan ciwo a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu su ke. Ta ce in an gane ciwon an ba da magani yadda ya kamata, mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa. Amma a ƙasashe matalauta, 3 cikin 4 ba su samun maganin sam. Watau yawancin waɗanda mu ke gani da tabon wuta, da sun sami magani da suna gona tare da mu.

Ra'ayinmu shi ne wannan. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma ba sai an kai mutum asibitin koyarwa a birni za a fara yi masa magani ba. Nas ko malamin asibiti na ɗakin shan magani a ƙauye zai iya gane ta ya bi da ita, in an koya masa duban ƙwaƙwalwa, an kuma ajiye masa maganin da ba ya yankewa. Ekklesiyoyin da ke da ɗakunan magani da makarantun horar da ma'aikatan lafiya ya kamata su sa wannan aiki a gaba. Bari mu kawo dalilanmu.

Abin da ke cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, watau kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Duk da haka ita kaɗai ke cinye wajen kashi 20 cikin 100 na iska da ƙarfin abincin da jini ke raba wa jiki. Shi ya sa ba ta jimre yunwa. In jini ya yanke mata na 'yan mintoci kaɗan, sai ta fara lalacewa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, suna aika wa juna saƙo da wani ɗan lantarki mai rauni ƙwarai.

Aikin cikinta a rabe ya ke, kamar yadda maigida ke raba aikin gandu. Babbar ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma jijiyoyinta sun ƙetare juna a hanya, saboda haka ɓarin hagu ke sarrafa jikin dama, ɓarin dama kuwa jikin hagu. Sashen da ke bayan goshi shi ne na shawara da kamun kai. A ƙarshensa akwai wani zirin da ya sauko daga tsakar kai zuwa kunne, shi ke motsa gaɓoɓi: ƙafa a sama, hannu a tsakiya, fuska da baki a ƙasa. Bayan wannan ziri akwai wurin jin taɓawa. Sashen gefe, daidai saman kunne, shi ne na jin sauti da tuna abu, a can ciki kuma akwai wurin jin wari da tsoro. Gani a ƙeya ya ke. Magana kuwa ga yawancin mutane a ɓarin hagu ta ke, abin da wani likitan Faransa mai suna Buroka ya fara nunawa a shekarar 1861.

Ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya, ita ce burkutu ke rikitawa har mashayi ya yi ta tangaɗi. Daga nan sai gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Shi ke riƙe da numfashi da haɗiya da farkawa, daga gare shi ne kuma yawancin jijiyoyin kai, waɗanda ke tagwaye 12, su ke fita zuwa ido da fuska da harshe. Duka wannan a lulluɓe ya ke da fatu uku masu ruwa a tsakani, su ne sanƙarau ke kumburawa.

Amfanin wannan taswira ga nas shi ne, ba ya bukatar ya buɗe kai kafin ya san inda ciwo ya ke. Alamar da ya gani a jiki ita za ta nuna masa wurin. In bakin mutum ya karkace, hannunsa na dama ya mutu, magana ta ƙi fita, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ya sami matsala.

Yadda faɗuwa ke tashi

A shekarar 1873 wani likitan Ingila mai suna Jaksin ya bayyana cewa farfaɗiya tana tashi ne sa'ad da wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka saki saƙonsu gaba ɗaya, farat ɗaya, fiye da kima. Abin kamar wutar daji ne. Ta kan kama a lungu ɗaya ta mutu a nan, ta kan kuma ci daji duka.

In ta kama a wurin hannu na ɓarin dama, sai babban yatsan hagu ya fara rawa, rawar ta hau hannu ta kai fuska, mutumin kuwa yana ji yana gani. In ta kama a ƙeya, sai ya ga walƙiya ko launuka. In ta kama a sashen gefe, sai ya ji wani warin da ba kowa ke ji ba, ko ya ji abu yana taso masa daga ciki, ko tsoro ya kama shi ba dalili. Daga nan ya ƙura ido, yana tanɗe baki, yana tsinkar rigarsa, har ya tashi ya yi tafiya bai sani ba. Irin wannan ce a ka fi kira iska ko taɓin hankali. In kuwa wutar ta game ƙwaƙwalwa duka, sai ya yi ƙara ya faɗi, jiki ya sandare, sa'an nan ya yi ta jijjiga, ya ciji harshe, fitsari ya kuɓuce. Galibi cikin minti ɗaya zuwa uku abin ya wuce, sai barci da ruɗewa su biyo baya.

Akwai kuma wata iri ta yara wadda malaman makaranta ya kamata su sani. Yaro ya kan tsaya cik na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, ba ya jin kira, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Abin ya kan maimaitu sau da yawa a yini. Yara da dama sun sha bulala a kan rashin sauraro alhali ciwo ne.

Kumfar da ke fita bakin mai faɗuwa yawu ne kawai da ya kasa haɗiyewa. Ba ƙwayar cuta a ciki. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko fitsari, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Dubawa da hannu da tocila

Babban kayan aikin gane farfaɗiya shi ne bakin wanda ya ga faɗuwar. Mai ciwon kansa bai san abin da ya faru ba, kuma da wuya ya faɗi a gaban nas. Saboda haka kada a zo da shi shi kaɗai. A zo da uwa ko mata ko wanda ke wurin. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki faɗuwar a nuna. Nas zai tambaya: me ya ji kafin ya faɗi? Ta wane gefe abin ya fara? Minti nawa ya yi? Ya ciji harshe? Akwai zazzaɓi? Sau nawa ya faɗi a bana? Ya taɓa buguwa a kai? Yaya haihuwarsa ta kasance? Ka'idar da a ke koya wa ma'aikatan lafiya ita ce, in mutum ya faɗi sau biyu ko fiye a ranaku dabam dabam, ba tare da wani ciwo na nan take da ya jawo ba, to a ɗauke ta farfaɗiya ce.

Wannan sharaɗi yana da nauyi, gama ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ya kan yi jijjiga in zazzaɓi ya yi zafi, yawancinsu kuwa su kan daina in sun girma. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai ya kan kawo jijjiga da dogon suma. Sanƙarau ya kan zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya. Mace mai ciki ko mai jego in ta yi jijjiga, jininta ne ya hau, maganinta kuwa allurar magnesiyam salfet ce da gaggawar zuwa asibiti. Sukarin jini in ya faɗi, ko mutum ya sha maganin feshi, duka su kan kawo jijjiga. Waɗannan suna kisa cikin sa'o'i, kuma kowanne da nasa magani. Don haka nas zai fara da duba numfashi, ya auna zafin jiki da hawan jini da sukari, ya gwada jinin zazzaɓi, ya lanƙwasa wuya ya ji ko ya ƙage.

Sa'an nan ya auna zurfin suma. A shekarar 1974 likitoci biyu a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan suka tsara wani ma'auni wanda ba ya bukatar na'ura. Ana duba abu uku: buɗe ido, maki 4; magana, maki 5; motsi, maki 6. Mai cikakken hankali yana da 15, mafi ƙasa 3, in kuwa ya sauko 8 ko ƙasa da haka rai yana cikin haɗari. Ga ƙananan yaran da ba su iya magana ba akwai ma'aunin Bilantaya, wanda aka tsara a Malawi domin yara masu zazzaɓin da ya hau kai, daga 0 zuwa 5. Amfanin ma'aunin yana wurin maimaitawa. In da hantsi 13 ne, da azahar ya koma 10, to abin yana ci, a nemi mota.

Sai tocila. A haska ido ɗaya ɗaya, a ga ko baƙin ɗigon tsakiya ya tsuke daidai a duka biyu. In mutum ya faɗo daga babur, ɗigon ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai yana danne jijiya, kuma likitan fiɗa kaɗai zai cece shi. Bayan ido, a ce ya yi murmushi, ya fito da harshe, ya miƙa hannu biyu ido a rufe a ga ko ɗaya zai sauka, ya taɓa hancinsa da yatsa, ya yi tafiya a kan layi. Duka wannan bai fi minti goma ba, ya kuwa ratsa kusan kowane sashe da mu ka ambata a sama.

Magani

An fara ba masu farfaɗiya fenobabiton tun shekarar 1912, har yanzu kuwa yana cikin magunguna mafi araha, sau ɗaya a ke sha da dare. Akwai kuma kabamazefin da fenitoyin da balfurowet, da wasu sababbi. A kan fara da magani ɗaya, kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu sannu har faɗuwa ta tsaya. Kowanne da abin lura. Fenobabiton ya kan sa barci, wasu yara kuwa ya sa su rashin natsuwa. Balfurowet yana yi wa jaririn ciki lahani, saboda haka ana kauce masa ga matan da ke shekarun haihuwa. Fenobabiton da kabamazefin da fenitoyin su kan rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Irin waɗannan abubuwa ne ke sa dole a koya wa nas sosai, kada a bar mutane suna saye a kanti da ka.

Abu mafi girma shi ne, maganin na kullum ne, ko mutum yana jin garau. Wanda ya daina sha farat ɗaya zai iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. In mutum ya shekara biyu bai faɗi ba, a kan duba ko za a rage masa a hankali cikin watanni, amma ma'aikacin lafiya ne zai yanke wannan shawara. Shi ya sa mu ka ce ɗakin maganin da zai fara wannan aiki ya tabbata ba zai ce wa mutane magani ya ƙare ba. Ba wa mutum na wata biyu sa'an nan a bar shi hannu wofi haɗari ne.

Abin da masu ƙi su ke cewa

Wasu ma'aikatan lafiya za su ce ƙwaƙwalwa aikin babban likita ne, ba na nas ba. Muna girmama wannan tsoro. Amma likitocin ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne, yawancinsu kuma a asibitocin koyarwa su ke, kamar na Jos da Zariya da Kano da Maiduguri. Manomin da zai sayar da buhun masara kafin ya yi kuɗin mota ba zai iya zuwa can kowane wata ba. In mun ce sai can, to mun ce masa ya zauna gida ke nan. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba, farfaɗiya kuwa tana ciki. An gwada abin a Gana daga 2012 zuwa 2016 a gundumomi biyar, aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da 'yan sa kai, yawan masu samun magani ya ninka fiye da sau biyu. A shekarar 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince da shirin shekara goma a kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. Aikin likita bai ragu ba. Nas zai tura masa jariri, da mai ciki, da wanda faɗuwarsa ta zo da shanyewar gefe ɗaya ko ciwon kai mai ƙaruwa, da wanda magani bai yi masa ba. Sanin wanda za a tura shi ne rabin horon.

Wasu 'yan'uwa kuma za su ce wannan aikin aljanu ne, addu'a kaɗai ke maganinsa, su kawo labarin yaron nan na Markus sura 9. Labarin ya ambaci aljani, ba mu musa ba. Amma bai ce kowane mai faɗuwa haka ya ke ba. A Matta 4:24, inda aka lissafta marasa lafiyar da aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Mu lura kuma da abin da Ubangiji ya yi da yaron. Ya tambayi mahaifinsa tun yaushe abin ya fara, daga baya ya kama hannunsa ya tashe shi. Bai guje shi ba. Muna yi wa mai zazzaɓi addu'a muna kuma ba shi magani, ba wanda ya ce bangaskiyarmu ta gaza. A yi wa mai farfaɗiya haka. Abin da mu ke ƙi da babbar murya shi ne a ce wa mutum ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya. Mai faɗin haka yana wasa da ran ɗan'uwansa.

Na uku za su ce ina kuɗi? Mu tambaye su nawa iyali su ka riga su ka kashe. Akuya ta tafi wurin boka, kaji sun tafi, an yi tafiye-tafiye neman taimako, uwa ta bar gona tana tsaron yaro. In an lissafta, maganin shekara bai kai wannan ba. Ƙungiyar gama kai ko Zumuntar Mata za ta iya buɗe ɗan asusu mai juyawa, a sayi magani da yawa daga wurin da aka amince da shi, a sayar ba riba, wanda ba shi da hali a ɗauke masa.

Rabon manomi a cikin wannan aiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 25 cikin 100 na farfaɗiya ana iya hana ta, gama sau da yawa tabo ne da wani rauni ko wata cuta ta bari a ƙwaƙwalwa. A shekarun 1980 Farfesa Osuntokun na Ibadan da abokan aikinsa su ka ƙirga masu ciwon a garuruwa biyu maƙwabta a ƙasar Yarbawa. A Aiyete su ka sami 37 cikin kowane 1,000, a Igbo-Ora kuwa, inda aka daɗe da kafa aikin kiwon lafiya na karkara, wajen 5 kawai. Jama'a iri ɗaya, ƙasa ɗaya. Wannan ya isa ya sa mu duba gidajenmu.

Mu fara da alade, tun da ƙauyukanmu da yawa da shi su ke biyan kuɗin makaranta. Naman alade mai fararen ƙwayoyi kamar shinkafa, in an ci bai dahu sosai ba, ya kan zama tsila a hanjin mutum. Tsilar tana zuba ƙwai cikin bayan gida. In mutumin ya yi a daji, alade mai yawo ya ci, sai ƙwayoyin su cika namansa. In kuwa ƙwan ya shiga bakin mutum ta hannu mai dauɗa, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, sai ya ƙyanƙyashe ya bi jini ya je ƙwaƙwalwa ya zauna. A wuraren da wannan tsila ta yi yawa, ita ke jawo wajen kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. A lura, ko wanda bai taɓa cin alade ba zai iya haɗiyar ƙwan, don haka maƙwabtanmu Musulmi ma abin ya shafe su. Ba mu ce a bar kiwo ba. A yi wa alade garke a tsare shi, kowane gida ya haƙa salga a kuma yi amfani da ita, a wanke hannu da sabulu, a dafa nama har ciki, a duba ƙarƙashin harshen alade kafin a saya, mai tsila kuma ya je a ba shi magani.

Sai sanƙarau. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 su ka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 su ka mutu, cikin waɗanda su ka tsira kuwa akwai waɗanda ya bar wa kurumta ko farfaɗiya. An fara babbar allurar rigakafinsa a Nijar a 2010, a Nijeriya a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ta farko da ta fara ba da sabuwar allura mai tare iri biyar. In masu allura sun zo, a fito da yara. Haka nan gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi da a ke raba wa yara da damina, ƙwaƙwalwa su ke karewa. Awon ciki da haihuwa a hannun ungozoma mai horo su ma haka, gama jaririn da ya daɗe a doguwar naƙuda bai yi kuka da wuri ba, ƙwaƙwalwarsa ta sha yunwar iska. Hular kwano ga mai babur da wanda ya goya ta fi kuɗin asibiti araha. Maganin feshi a kulle shi, kada a zuba shi a kwalbar lemo. Masu haƙar zinariya kuma su tuna da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun da a ke niƙawa cikin gida ta kashe yara aƙalla 400, da yawansu da jijjiga. Rigakafi ya fi magani.

In mutum ya faɗi a gabanka

Kada ka gudu. Janye shi daga wuta ko ruwa ko hanya, ka sa zane a ƙarƙashin kansa, ka sassauta abin wuyansa. Kada ka danne shi. Kada ka cusa cokali ko itace a bakinsa, gama ba zai haɗiye harshensa ba, haƙori kawai za ka karya masa. Kada a ɗura masa ruwa ko man ja ko jiƙo, zai shaƙe. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kara ƙafarsa a wuta. Da jijjiga ta lafa, ka juya shi ya kwanta ta gefe domin yawu ya zubo, ka zauna da shi har ya farfaɗo. Ka duba lokaci. In ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farka ba, a gaggauta kai shi ɗakin magani, inda nas zai ba shi dayazefam ya kuma shirya tura shi gaba. A gida kuma a yi wa murhu kariya, a rufe rijiya, kada ya je rafi ko ya hau itace shi kaɗai.

Abin da mu ke roƙo

Ga shugabannin aikin lafiya na Ekklesiya, muna roƙo a sa duban ƙwaƙwalwa da farfaɗiya cikin kwas na sabunta ilimi na nas-nas da malaman asibiti, a koyar da hannu a kan marasa lafiya, ba a kan allo kaɗai ba. Kowane ɗakin magani ya sami tocila mai aiki, da abin awon sukari, da littafin sunayen masu farfaɗiya, da rana ɗaya a wata domin su. Wanda bai zo ba a aika a dubo shi. A kuma haɗa kowane ɗaki da likita ɗaya wanda za a iya kira a waya.

Ga fastoci da dattawa, ku faɗa daga bagade cewa ba a ɗaukar wannan ciwo, ku ci abinci a kwano ɗaya da mai shi jama'a suna gani. Ga malaman makaranta, ku riƙe yaron a aji, ku koya wa 'yan ajinsa abin yi in ya faɗi. Ga iyaye, ku daina ɓoyewa, gama ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Mu malaman gona kuwa, duk inda mu ka yi maganar kiwon alade, maganar garke da salga za ta biyo baya a zama ɗaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taron kwamitin ƙauye mai zuwa, a gayyaci nas ɗinku ya zauna tare da ku, ku tambaye shi mutum nawa ke karɓar maganin farfaɗiya a wurinsa, sa'an nan ku ƙirga waɗanda ku ka sani a ƙauyen. Bambancin da ke tsakanin lissafin nan biyu, daga nan aikinku zai fara. Allah ya ba mu ƙarfin yi.